Sai Benci Ya Cika Goma

Ni malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a Kazaure, kuma an san ni da faɗa. Ban musa ba. Amma akwai faɗan da nake yi da hantsi in manta shi kafin la'asar, akwai kuma wanda ya zauna mini a ƙirji shekara da shekaru ya ƙi sauka. Wannan na biyun ne, kuma a kan cikin fari na ƙanwata ne, autar gidanmu.

A shekarar da abin ya faru ina zuwa Kano duk ƙarshen mako ina ƙaro karatu. Abin da aka ba ni in yi bincike a kai shi ne layi. E, layi dai, wanda ake bi. Ranar da na gaya wa Inna sai da ta ajiye muciya ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe a jami'a kuɗi ake biya a koyi abin da take yi kyauta a bakin rijiya tun tana yarinya.

Ba kowane layi ba ne nawa. Nawa shi ne wanda mai yi wa mutane aiki yake tashi ya tafi sabgarsa in ya ga ba kowa, ba kuma zai dawo ba sai mutane sun taru sun kai wani adadi. A littattafanmu cewa ake yi ya tafi hutu. Kowa ya san irinsa ko da bai taɓa riƙe alli ba. Mai injin niƙa ba ya tayar da inji saboda kwano ɗaya, sai robobi sun jeru. Aikin mai lissafi shi ne ya nemo adadin da ya fi sauƙin asara, kuma abu biyu yake ɗorawa a ma'auni: asarar tayar da injin duk lokacin da aka kunna, da asarar wanda yake zaune yana jira. In ka rage adadin mutanen, mai ya ƙone a banza, in ka ƙara mutane su tsufa a zaune. Sannan akan yanka lokaci gunduwa-gunduwa, a ce sai a ƙarshen kowace gunduwa ake ɗaga kai a ƙirga mutane, abin da ya faru a tsakani ba ruwan lissafi da shi. Na taɓa tambayar malamin da yake duba aikina ko nawa zan sa a matsayin asarar mai jira. Ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba, ya ce in sa duk abin da na ga dama, ai misali ne kawai.

Auta tana aure a wani ƙauye cikin ƙasar Gwiwa, gidan masu shanu da noma. Mu ma ta wajen Inna Fulani ne, daga Roni aka auro ta, amma ni Kazaure ta cinye ni, ko gaisuwa da Fulatanci sai na yi tuntuɓe. Auta kuwa ta kwaso halin gaba ɗaya, kunya kamar ta nutse a ƙasa. Cikinta ya shiga wata takwas amma ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana da shi ba, ko a gabana, ni da na goya ta a bayana. "Abin nan" take ce masa. Haka ake yi a cikin fari. Mai cikin ba ta nuna ta sani, uwar miji ba ta nuna ta gani, kowa ya kau da kai har Allah ya sauke ta lafiya. Na tashi na ga ana yi, ban taɓa ganin aibunsa ba, har sha'awa yake ba ni.

Wata yamma cikin damina ta yi mini filashin, na kira ta. Muka gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi ɗalibaina, ta tambayi ko ruwa ya sauka a wajenmu, har na fara ƙosawa don katina take ci. Sai can ƙasa-ƙasa ta ce abin nan ba ya motsi kamar da. Ta je awo da safe, nas ɗin ta daɗe tana saurare, ta ce tana jin bugun zuciyar amma bai kwanta mata ba, ta dawo gobe ranar kasuwa a yi mata hoton ciki, don ranar ce kaɗai mai na'urar yake zuwa. Mijinta yana can wajen shanu bakin iyaka inda waya ba ta shiga. Na ce ta kwana da shiri, ina nan tafe.

Da sassafe na hau acaɓa daga Kazaure. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanyar ta zaizaye, duwatsu sun fito kamar haƙora, sau biyu ina sauka in taka da ƙafa ɗan acaɓa ya tura babur. Na iske ta a bakin garin da asibitin yake, ta riga ta tako daga ƙauyensu, ta zumbula hijabi har ƙasa kamar ba ita ce za a duba ba.

Asibitin ƙarami ne, 'yan ɗakuna da baranda. A barandar akwai dogon benci na katako, kuma wanda ya ajiye shi a nan Allah ne kaɗai ya san abin da yake tunani, domin ya fuskanci titin kasuwa sak. Duk wanda zai shiga kasuwa sai ya ga wadda take zaune a kai. A tsallaken titin kuma, gindin wata tsamiya, nan masu fura da nono suke jera ƙorensu. Mata shida na gani a bencin, manya, irin waɗanda suka haihu suka gaji, wata ma tana ba yaro nono da wani cikin a gaba. Ɗakin hoton a kulle yake da kwado.

Na tambayi maigadi, wani dattijo mai rediyo a kunne, ko mai hoton bai iso ba. Ya ce ya iso tun da farar safiya, ya leƙa ya ga ba mutane, ya ɗan zaga. Yana da gona a bayan gari, ana yi masa noman biyu. Doka ce: ba a tayar da janareta sai mata goma sun zauna a bencin nan. In sun cika, shi maigadi ya buga masa waya, ya zo a kunna a yi musu gaba ɗaya a kashe.

Wallahi a lokacin murmushi na yi. Na ce a raina, ga abin da nake ta fama da shi a takarda yana zaune a baranda da rediyo. Shida da Auta bakwai, ranar kasuwa ce, ukun nan yanzu za su zo. Na juya in ce mata ta zauna, sai na ga ba ta bayana.

Can na hango gefen hijabinta yana shan kwana ta bayan ginin. Na bi ta. A bayan asibitin akwai darbejiya da wani rusasshen gini, kuma a nan na tarar da wasu 'yan mata matasa, kusan sa'anninta, sun zazzauna a kan bulo, kowace ta ja hijabi ta rufe gabanta. Ba sai an gaya mini ba. Duk masu cikin fari ne, duk hoton suka zo. Na ƙirga su da ido, su biyar, da Auta shida. Shida a gaba, shida a baya. Tun kafin in sauka daga babur an wuce goman da ake nema.

Na ce wa Auta ta taso mu je benci. Ta girgiza kai, ta nuna mini titi da haɓa. Uwar mijinta tana cikin masu nonon nan, ita ce ta uku daga gindin tsamiya. Ta ce ta yaya za ta je ta baje a bencin masu ciki, uwar mijinta tana kallo, ga 'yan ƙauyensu suna wucewa. Na ce ai ita ma ta san abin da ya kawo ki, ba makauniya ba ce. Ta ce sanin daban, gani daban. Na so in mare ta, kuma da ba ta cikin wannan hali da na yi.

Na koma wajen maigadi na ce, Baba, taso ka gani, mutanenka sun cika har sun yi yawa. Bai taso ba. Ya ce ya san da su, kullum ranar kasuwa suna nan. An taɓa yi, ya tausaya ya haɗa da su ya kira mai hoton, mutumin ya baro gonarsa ya zo, aka tayar da janareta, aka aika a kira su. Da suka ga namiji ya leƙo yana tambayar wace ce mai ciki, kowace ta ce ita rakiya ta yo, biyu ma suka sulale ta cikin gero. Mai ya ƙone a kan mutum huɗu, shi kuma aka yi masa tas a gaban jama'a, har da barazanar kora. Tun daga ranar aka ce masa benci zai ƙirga, ba bishiya ba. Yana faɗa yana murɗa rediyonsa, ko a jikinsa.

Na tambaye shi to su na bayan yaushe ake yi musu. Ya ce in an kunna, manyan sun shiga, kasuwa ta yi zafi hankalin mutane ya tafi, sai su riƙa lallaɓowa ɗaya-ɗaya ta gefen bango. Wato ana yi musu aiki, ana karɓar kuɗinsu, amma ba a ƙirga su. Jiransu bai isa ya tayar da inji ba.

Na koma darbejiya na roƙi yaran nan. Na ce don Allah huɗu daga cikinku su zo su zauna na ɗan lokaci, a buga wayar, ku tashi. Suka rufe fuska suna ƙyalƙyala dariya. Ɗaya ta ce wa ta kusa da ita ke je ki mana, ita kuma ta ce ai ni ciwon kai ya kawo ni, ga tulun ciki a gabanta kamar ya faɗo. Na yi lallashi, na yi wa'azi, na yi zagi. Na ce musu kunyar da za ta hana ku neman lafiyar abin da ke cikinku ba kunya ba ce, wauta ce. Suka koma kallon ƙasa, irin yadda ake yi wa 'yar birni in ta zo tana hauka.

Sai na je na zauna a bencin da kaina, na ja mayafi na turo ciki gaba. Maigadi ya dube ni ta saman rediyo ya ce, Malama, ke da kika zo da jakar makaranta, tashi don Allah kar ki ja mini. Matan bencin suka yi ta dariya, ɗaya ta ce Allah ya kawo na gaskiya. Na tashi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bencin yoyo yake yi. Mace za ta zo ta zauna, a zama bakwai, a zama takwas, sai wata ta tuna ba ta sayi daddawa ba, ta ce wa maƙwabciyarta ta riƙe mata wuri, ta tsallaka kasuwa. Wata kuma za ta zo daga nesa ta leƙo, ta ga ba a cika ba, ta ce bari ta je ta dawo. Kowace tana jiran sauran su cika sannan ta zo. Shi kuma dattijon ba kullum yake kallo ba, sai in an gama wani shiri a rediyo ya ɗaga kai ya ƙirga da yatsa. Na rantse akwai lokacin da na ga tara, ta goman tana tahowa a titi, shi kuwa ya tafi bayi da buta. Kafin ya dawo biyu sun tashi. Ina tsaye ina kallon darasin da nake rubutawa yana cin ƙanwata, ba abin da zan iya.

Wajen hantsi na koma in duba ta. Tana jingine da bango ta miƙe ƙafa. Ta waiwaya ta tabbatar sauran ba sa kallo, ta kamo hannuna ta shigar ƙarƙashin hijabinta ta ɗora a gefen cikin.

"Yaya, ji. Ya motsa."

Na ji shi. Ba ƙarfi, kamar yaro ya taɓa ƙofa da ɗan yatsa, amma na ji. Ta yi murmushi ta ture hannuna da sauri. Wannan ne karo na farko da ta bar ni na taɓa, kuma shi ya sa na ɗan sami natsuwa na ce to, da rai, mu jira.

Masu cewa me ya sa ban ɗauke ta na kai ta Kazaure ba, na sha jin su, kuma duk a inuwa suke faɗa. A kan me zan ɗora ta? Babur, a hanyar da ni mai lafiya sai da na sauka? Motocin kasuwa kuwa ba sa tashi sai an watse, su ma sai sun cika. Na je tasha na tambayi shata, direban ya ce kayan mutane ya kawo kuma su zai mayar. Ita kanta Auta ta ce ba za ta bar ƙasarsu ba mijinta bai sani ba. Kuma duk lokacin da na leƙa benci saura biyu, saura ɗaya, saura uku. Wanda aka ce masa saura biyu ba ya tafiya.

Da rana ta take na kasa haƙuri, na faɗa ɗakin shugaban asibitin, wanda kowa yake kira Likita. Nas ɗin da ta duba Auta jiya ba ta nan, ta fita ƙauyuka rigakafi. Mutumin ba mugu ba ne, kuma wannan ma yana cikin abin da yake ba ni haushi, don da mugu ne da na san inda zan ajiye fushina. Ya saurare ni, ya ba ni kujera. Na ce zan sayi man da kaina a kunna yanzu. Ya ce kwamitin gari ya hana, domin da ana yi, sai ya zama matan masu hali suna zuwa a kunna musu su kaɗai, talakawa suna kallo, har aka yi rigima. Ya ce goman nan ma ba da ka aka yanke ba, zama aka yi aka yi lissafi, tun da mai ya yi tsada, aka ga kuɗin mutum goma ne yake mayar da man da na zuwan mai hoton.

Kalmar lissafin nan ce ta tunzura ni. Na ce, Likita, da izininka, wannan rabin lissafi ne, kuma sana'ata ce. Kun auna man, kun auna babur ɗin mai hoto, to nawa kuka sa wa macen da take zaune tun safe? Ya ce ai zama ba ya cin komai. Na ce in zama ba ya cin komai me ya sa kuka tsaya a goma? Ku ce ashirin mana, ku ce ɗari, ku ce kar a kunna har abada, shi ne ya fi araha. Duk lissafin da aka sa wa mai jira sifiri, amsarsa ita ce a kulle ɗakin a jefa makulli a rijiya. Kuma ko a goman naku, sha biyu ne a gidan nan tun safe, kun zaɓi ku ƙirga katako ku bar mutane. Muryata ta hau, har wata mai jiran allura ta leƙo.

Ya ce in kwantar da hankalina. In akwai larura ta gaggawa, jini ko naƙuda, dokar ba ta hau kanta ba, zai kira mutumin da kansa. A kawo yarinyar ya ji daga bakinta. Na fita da gudu na jawo ta ta ƙofar baya. Ta tsaya a gabansa kanta a ƙasa, tana murza bakin hijabi. Ya tambaye ta jini, ta girgiza kai. Ciwon mara, ta girgiza kai. Ya ce to me yake damun ki?

"Ba komai," in ji ta.

Na ce ki gaya masa abin da kika gaya mini jiya. Na ce Likita, motsin ne ya ragu, nas ɗinku ce ma ta ce a yi hoton. Ya ce yau ya motsa? Ta ɗaga kai kaɗan alamar e. Ya buɗe hannu ya ce, kin ji ko, Malama, a ƙara haƙuri, yanzu za su cika. Na fito. Ban san wa zan shaƙe ba, shi, ko ita, ko wanda ya fara koya wa mata cewa ba komai.

Aka kira azahar, aka idar. Auta ta daina magana, ta ƙi cin ƙosan da na sayo. Na tambaye ta ko ya sake motsawa, ta ce wataƙila barci yake. Bencin yana tara, ya tsaya a tara kamar an kafa shi da ƙusa, don matan sun gaji da yawo sun zauna. Mutum ɗaya ake nema. Na tsaya a bakin baranda ina kallon titi, idona ya sauka a kan uwar mijin Auta. Tun safe matar nan ba ta dubi asibitin ba ko sau ɗaya, ta ba shi gefen fuska tana dama wa mutane fura. Amma ta ga shigata da fitata, ta ji muryata, duk kasuwar ma ta ji. Na zuba mata ido, ban gaishe ta ba, ban ɓoye abin da ke fuskata ba.

Sai na ga ta rufe ƙwaryarta da faifai. Nonon bai ƙare ba, ko rabi bai yi ba, kasuwa kuma lokacin take ci. Ta ɗaura kayanta, ta ce wa ta kusa da ita wani abu, ta ɗora ƙwarya a ka. Ba ta tsallako ba, ba ta kalle ni ba. Ta juya baya ta kama hanyar ƙauyensu, tana tafiya a miƙe, har gero ya rufe ta. Biyu daga cikin 'yan ƙauyen nasu suka tashi suka bi ta.

Na zaga na gaya wa Auta. Ta leƙa ta gefen bango ta ga wurin ba kowa. Ta dafa bango ta miƙe, ta taka a hankali ta zauna a ƙarshen bencin, ta ja hijabi har kan hancinta. Maigadi ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa, ya ciro wayarsa.

Mai hoton bai zo nan take ba, sai da ya sallami 'yan ƙwadago. Ya iso da taɓo a ƙafar wandonsa, ya wanke hannu, aka ja janareta ta ƙi tashi, aka sake ja ta tashi. Sai maigadi ya ce a shiga bisa yadda aka zauna. Wato Auta, da take nan tun safe, ita ce ta ƙarshe. Na buɗe baki, amma wata babbar mace a farkon bencin ta riga ni. Ta ce a bar yarinyar nan ta shiga, su sun saba. Allah ya saka wa matar nan, ban ko san daga wane gari take ba.

Na shiga tare da ita. Ya shafa mata man nan mai sanyi, ya ɗora abin a cikinta, yana kallon allon. Ya matsar da shi, ya danna, ya sake matsarwa. Ni ban iya karanta hoton ba, amma na iya karanta fuskar mutum. Ya daɗe. Ya kira Likita, suka duba tare, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya ajiye abin ya ce sai haƙuri, zuciyar ta tsaya, a kai ta Kazaure a fitar da shi. Yana goge hannu da tsumma ya ƙara da cewa:

"Matsalarku ke nan, ba kwa zuwa da wuri. Sai abu ya lalace."

Ban san lokacin da na yi kansa ba. Na gaya masa lokacin da muka zo, na gaya masa inda yake a lokacin, na ce taɓon gonarsa ma bai bushe a wandonsa ba. Na ce da hannuna na ji yaron nan da rai da hantsi, a bayan bangon da yake jingine da shi yanzu. Na ce Allah ya isa, na sake cewa, na haɗa da kwamitin da bencin da wanda ya sassaƙa shi. Ba zan ce na san hoton safe zai cece shi ba, ba wanda ya san wannan sai Allah, kuma an yi ta tuna mini da haka kamar na manta. Amma da an kunna da safe, da mun sami yini guda na neman mota da zuciya tana bugawa. Wannan yinin aka cinye mana don a tsimi man da bai cika galan ba.

Ina cikin faɗan na ji ana jan gefen mayafina. Auta ce, ta tashi zaune tana gyara zaninta, idonta a bushe.

"Yaya, ki yi shiru don Allah. Mutane suna ji."

Na yi shiru. Muka fito ta gaban matan bencin, suka sunkuyar da kai. Ta gefen bango kuma na ga 'yan matan darbejiya sun fara lallaɓowa ɗaya-ɗaya, janareta tana ta ruri.

Likita ne ya samo mana mota, wata mai ɗaukar buhuna, aka ba mu gaba. Inna ta tarye mu a babban asibiti a Kazaure. Washegari da hantsi Auta ta haihu, bayan wahalar da ba na so in tuna, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba har nas-nas suna yaba mata. Mace ce. Aka naɗe ta a zani aka kawo, aka ce uwar ta gani kafin maza su tafi da ita. Ɗakin cike yake, ga Inna, ga uwar mijinta da ta iso da asuba, ga dangi. Auta ta juya fuska bango. 'Yar fari ce, ba a kallonta a gaban manya, ko da rai ko ba rai. Inna ma ta kau da kai, uwar mijin ta kau da kai. Na ji Auta ta matse mini yatsu, ta ce a kunnena in duba mata.

Na karɓe ta na buɗe zanin. Tana da gashi baƙi mai yawa, kwance luf, da dogon hanci irin na ubanta, da ɗan tsagi a haɓa irin na Auta. Faratanta sun fito har sun isa yanka. Na kalle ta sosai, na rufe, na miƙa.

Auta ta haifi uku bayan nan, duk suna raye. Amma har yanzu in na je ƙauyen, in yara sun fita, mun rage mu biyu a ɗaki, sai ta sa hannu ta tura ƙofa, ta zauna kusa da ni tana kallon tabarma, ta ce in sake gaya mata yadda gashin yake.